Kwana a Dokar Daji: A Buɗe Zangon Baƙi a Gandunanmu, ko a Dakata?

Duk wanda ya taso daga Tibiri za shi Yamai, in ya hau babbar hanya ya wuce Dosso da Birnin Gaure, sai ya ratsa Kure. A wannan yanki ne, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, garken raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma ke kiwo a tsakanin gonakin mutane. In aka yi kudu akwai gandun dajin Dosso, wanda aka keɓe a 1962, faɗinsa ya haura hekta dubu 300, yana bin gaɓar kogin Isa. A ƙetaren kogin kuma ga gandun W, wanda ya zama babban gandun ƙasa a 1954, ɓangaren Nijar kaɗai hekta dubu 220, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Dukiya ce a ƙofar gidanmu, amma ka zaga makarantun Arewa, wato yankin Tibiri da Dogondutsi, ka tambayi yara wa ya taɓa kwana a cikinta. Da wuya hannu ɗaya ya tashi.

Kwanan da ake magana a kansa shi ne wanda babu ɗaki, babu lantarki, babu famfo. Mutum ya biya kuɗin izini, ya ɗauki ruwansa da abincinsa da tabarma ko tanti da gidan sauro, a nuna masa inda aka yarda ya sauka, in gari ya waye ya tattara komai nasa ya tafi. A Amurka tun 1964 aka yi dokar da ta keɓe wasu dazuzzuka inda ba a gini, ba a fasa hanya, mota ba ta shiga. A manyan gandunansu, da wasu na jihohi, ana ƙayyade yawan masu kwana a kowane wuri, har ana koya wa mutum ya haƙa ɗan rami in zai yi bayan gida, ya nisanci ruwa da kamar mita 60. Ba'are, mutumin Arewa, ya san wannan zaman tun kaka da kakanni. Makiyayi yana yin sa a mashekari, maharbi yana yin sa, mai noma a tunga yana yin sa duk damina. Abin da ya bambanta shi ne takarda da kuɗi da doka. Tambayar da ta raba kan mutane ita ce: shin hukuma ta ware irin waɗannan zangogi a W da gandun Dosso da yankin raƙuman dawa, har ma da tuddan da ke gefen Dallol Mauri, ko kuwa a bar maganar?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ta tattalin arziki ce. Otel irin wanda aka gina a Tapowa, ƙofar shiga W, yana son injin wuta da mai da ruwan famfo da hanyar da mota za ta bi, yana son ma'aikata ko da baƙo bai zo ba. Zangon tabarma kuwa ba ya son komai sai inuwa, da ramin bayan gida, da ɗan jagora wanda ya san dajin. In damina ta sauka aka rufe gandu, ciyawa ta tsiro a wurin, ba a bar wa dajin tabo ba. Kuɗin da baƙo ya kashe kuma a ƙauye yake faɗuwa: mai amalanken jaki da ya kawo ruwa, matar da ta dafa tuwo, mai jirgin ruwa a Bumba inda kogin Mekru ke shiga Isa, mai gadin dare.

Suna kafa hujja da raƙumin dawa. A 1996 waɗanda suka rage ba su wuce kusan 50 ba. Kimanin shekaru ashirin bayan haka sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi don a kafa garke na biyu. Dabbar nan ba ta da shinge. Da damina tana kan tudu cikin geza da sabara, da rani ta gangaro Dallol Boso ta ci ganyen gawo, kuma tana yi wa manomi ɓarnar wake da mangwaro. Abin da ya sa manomi ya haƙura da ita, in ji masu wannan ra'ayi, shi ne ya ga amfaninta da idonsa: matasa sun zama ƴan jagora suna samun na kansu, ƙungiyoyin kare ta sun haƙa rijiyoyi sun ba mata rance. Baƙon da ya zo da safe ya koma Yamai da azahar kuɗin shiga kawai ya bari. Wanda ya kwana kuwa ya ci abinci sau uku a ƙauyen. Suna kuma nuna Namibiya, inda dokar 1996 ta ba mutanen karkara ikon kula da namun dajin yankinsu, ƙauyuka suka buɗe zangogin kansu suna karɓar kuɗin da hannunsu.

Martanin masu adawa

Su kuma da kwanan wata suke farawa: 9 ga Agusta 2020. A ranar ne ƴan bindiga a kan babura suka tare wata mota a yankin Kure, suka kashe mutum takwas, Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da ɗan jagoransu, duka biyun ƴan Nijar. Da rana tsaka aka yi, tafiyar sa'a guda daga babban birnin ƙasa. Bayan haka aka rufe wurin ga masu ziyara, Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launin gargaɗin haɗari in ban da Yamai, ƴan jagora suka koma gida hannu rabbana. Kafin wannan, a watan Mayun 2019, an sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Benin, maƙwabcin W, aka kashe ɗan jagoransu ɗan ƙasar. A Fabrairun 2022 nakiyoyi da harin kwanton ɓauna sun hallaka ma'aikatan gandu a ɓangaren W na Benin.

Masu adawa suna cewa a duba wanda ke mutuwa. Baƙon waje wani lokaci ana tafiya da shi da rai, don ana sa ran kuɗin fansa, kuma ƙasarsa na iya turo soja. Ɗan jagora ba mai biyan fansarsa, shi ya sa ake fara gamawa da shi. Duk wanda ke kiran a buɗe zango a dokar daji, in ji su, yana kiran ɗan wani ne ya kwana a fili babu ƙofa babu katanga, da wutar da ake hangowa daga nesa. Otel aƙalla yana da bango, ana iya girke jandarma a bakinsa. Kuma mu a nan ba labari muke ji ba. Tibiri tana jingine da iyakar Kebbi, sunan ƴan bindigar Lakurawa ba baƙo ba ne a bakin mutanen Arewa, ta wannan ƙetare da ta wancan.

Masu goyon baya sun dawo

Amsarsu kashi biyu ce. Na farko, dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa ba ya zama wayam. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku a Birnin Gwari babban gandun ƙasa ne a Najeriya, ƴan fashin daji suka mayar da kewayensa mafaka. Inda ake zirga-zirga, jami'in gandu na sintiri, ɗan jagora na bin sawu, mai amalanke na kai da kawo, baƙuwar fuska ba ta ɓuya. In aka rufe, mafarauci ya samu sarari, mai saran itace ya samu, mai bindiga ya samu. Kuma abin da za a rasa ba ƙarami ba ne: jerin gandunan W da Arli da Panjari, waɗanda UNESCO ta haɗe a 2017, su ke riƙe da garken giwaye mafi girma a Afirka ta Yamma da mafi yawan zakunan da suka rage a yankin.

Na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni. Suna cewa wa ya ce sai Bature? Yaran da ke tasowa a Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mairuwa yau sun san zakin Kenya a wayar hannu, amma da yawansu ba sa bambanta sawun dila da na kare, ba su san wane itace ake tauna saiwarsa ba, ba su san kukan zabuwar daji da asuba ba. Kakanninsu sun san duk wannan ba tare da lakwal ba. Wanda bai san daji ba ba zai yi masa kuka ba ranar da aka share shi. Malami ya ɗebi ɗalibansa ashirin, da jami'in gandun daji ɗaya da tsohon maharbi ɗaya, su kwana biyu a gindin duwatsun Dogondutsi ko cikin giginyun Dallol Mauri, wanda aka sa ɓangarensa na kudu cikin jerin dausayin Ramsar a 2004: wannan ba ya son bizar kowa, ba ya son jirgin sama. Su kuma ƙara da cewa waɗanda aka kashe a Kure ba kwana suka yi ba, ziyarar yini ce a mota. Ke nan haɗarin na wuri ne da lokaci, kuma Nijar ba daji ɗaya ba ce.

Masu adawa ba su gamsu ba

A kan maganar cewa baƙi na korar ƴan bindiga, sai su ce an juya abin ne. Panjari yana da baƙi, yana da ƙungiyar African Parks da ta karɓi ragamarsa a 2017 da jami'ai masu horo da makamai, duk da haka aka shiga. Tsaro ne ke kawo baƙo, baƙo bai taɓa kawo tsaro ba. Ɗan jagoran da ake cewa zai zama idon hukuma kuwa, da zarar masu bindiga sun ɗauke shi haka, ya zama abin farauta shi da iyalinsa.

Sai darasin Agadas. Babu inda aka iya irin wannan kwana a Nijar kamar can: ayarin motoci ya shiga Tenere, a sauka gindin tudun rairayi, a dafa shayi, a gasa burodi cikin toka. Jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi. Tawayen 2007 da sace-sacen da suka biyo baya suka tsayar da komai, direbobi da ƴan jagora da dama suka koma jigilar baƙin haure ko haƙar zinariya. Sana'ar da harsashi ɗaya ke kashewa, in ji masu adawa, ba a ɗora wa ƙauye ita a matsayin abin dogaro.

Amma hujjarsu mafi nauyi ta adalci ce, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shata W, akwai ƙauyuka a ciki da aka tasa. Har yau makiyayin da ya shiga gandun da shanunsa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare a waje, tara ce ke jiransa in an kama shi, ko da yake dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinsa ne a sauran ƙasa. Matar da ta sari ɗanyen itace ita ma tara. To da wane baki za a gaya musu cewa wani ya zo daga birni da takarda, an ba shi izinin ya kwana a wurin, ya hura wuta, ya sha iska? A tuddan Arewa ma babu filin da ba shi da mai shi. Abin da baƙo ke gani kamar fako, wani makiyayarsa ce, wani burtalinsa ne, wani saurarsa ce da ya bari ta huta. Akwai kuma wuraren da ba a taka su da gatsali. Lugu, garin Sarauniya da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Bagaji, suna da wurarensu na al'ada masu ƙa'idar shiga, kuma masu su na nan da ransu.

Sannan wuta. Lokacin da kwana a fili ke da daɗi, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da gamba ta bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa. Garwashin shayi ɗaya da ba a binne da kyau ba ya isa ya cinye abincin shanun ƙauyuka da yawa kafin azahar, kuma wanda ya yi ya riga ya kama hanyar gida. Ga leda, wadda akuya ke haɗiya ta kumbura. Ga kububuwa da kunama, alhali likita na nesa, maganin dafin maciji kuma ba a kowane gidan likita ake samunsa ba. Iyaye da malamai suna da nasu: samari da ƴanmata a daji da dare, wa ke kula da su?

A kan waɗannan na ƙarshe masu goyon baya suna da amsa gajera. Gobara tana tashi yanzu ma, daga masu neman zuma da masu farautar gafiya da masu jefar da guntun taba, kuma zangon da aka share kewayensa aka sa masa mai gadi ya fi wutar da ba mai ita. Maza daban, mata daban da malamansu mata, kamar yadda ake yi a kowace tafiyar makaranta. Batun iko kuwa, Nijar ta riga ta gwada: tun 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa yana riƙe wani kaso na harajin. An samu inda abin ya yi kyau, an samu inda aka ci amana, amma hanyar tana nan.

In aka tankaɗe

A kan W da gandun Dosso da Kure, a halin da ake ciki, masu adawa sun fi gaskiya, kuma ban ga amfanin sassauta wannan ba. Hujjar cewa masu yawon buɗe ido za su cike daji su hana ƴan bindiga zama, tana da daɗin ji, amma abin da ya faru a Panjari ya karya ta. Gaskiya ne dajin da aka bari ana mamaye shi. Sai dai wanda zai hana mamayar jami'in gandu ne mai albashi da kayan aiki, da soja, da ƙauyen da ke ganin gandun nasa ne. Mai tanti yana zuwa bayan waɗannan.

A kan kuɗi, kowane ɓangare na riƙe da rabin gaskiya. Raƙumin dawa ya farfaɗo, amma ba kuɗin baƙi kaɗai ya farfaɗo da shi ba. Hana farauta da gaske da tallafin ƙungiyoyi sun yi nasu. Agadas kuma ta nuna cewa kuɗin baƙon waje yana iya ɗaukewa dare ɗaya. Zangon tabarma dai yana da wata fa'ida a nan da masu adawa ba su cika ambata ba: in baƙi suka daina zuwa, ba a bar kowa da bashin gini ba.

Maganar adalci a wurina sharaɗi ce. Duk zangon da za a shata a ofis a Yamai ko Dosso, a zo a kafa allo ba tare da an zauna da mai gari da rugga da masu gonakin gefe ba, zai haifi gaba, kuma gabar a kan itace da dabba za ta sauka. In ana so a yi, su za su nuna wurin, su za su faɗi watannin da aka yarda, bayan an kwashe amfanin gona an saki gonaki, kuma kuɗin ya bi ta hannun da suke iya tambaya. Makiyayin da ya san kowace rijiya da kowane kwazazzabo shi ya fi cancanta ya zama ɗan jagora, a biya shi kan saninsa.

Inda masu goyon baya suka yi rinjaye shi ne batun yara. Ban ji wata amsa daga ɗaya ɓangaren da ta kawar da shi ba. Shekarun rashin tsaro suna tsawo, kuma yaron da yake ajin farko a 2020 yanzu ya doshi kolej bai taɓa ganin abin da ake ce masa ya kare ba. Tsofaffin maharba da masu sanin saiwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In aka ce a jira sai ƙura ta lafa, ana iya wayar gari babu mai koyarwa.

Amma a nan ma ba a tsira ba. Tara ɗalibai wuri ɗaya a fili kusa da wannan iyaka abu ne da ke sa gaban uwa faɗuwa, kuma tana da dalili. A 2021 an kwashe ɗalibai daga makarantar kwana ta Birnin Yawuri a jihar Kebbi, makaranta mai katanga da masu gadi. Wani zai ce a fara da ƙarami: tudun da ke bayan gari, inda ake jin kiran sallar ƙauye, mutum goma, da sanin jandarma da fadar Samna, sarkin Tibiri, dare ɗaya. Wani zai ce wannan ai ba dokar daji ba ce, bayan gari ne, kuma a yi shi da rana a dawo kafin magariba ya wadatar. Na farko zai amsa cewa rabin abin da daji ke koyarwa da dare yake koyar da shi. Na biyu zai ce sanar da jandarma ma sanarwa ce, kunne da yawa na ji.

Ni na karkata ga a fara da yini, a ƙauyukan da mutanensu suka nema da kansu, a rubuta ƙa'idojin wuta da shara da rabon kuɗi tun yanzu, a horar da ƴan jagora daga cikin makiyaya da maharba, don ranar da hanya ta buɗe kada a fara daga tushe. Batun kwana kuwa, ko a ƙara shi bana ko a ɗaga, hukunci ne da zai bambanta tsakanin ƙauyen da ke kan babbar hanya da wanda ke kallon iyaka, kuma uban da za a tambaya ya ba da ɗansa yana da ikon cewa a'a ko da hukuma ta ce to.